Kwalba Ta Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Shika.
Janareto na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni da firji muke gadin shiru,
sai Sista Laraba ta turo ƙofa da ƙafa,
ta ajiye mini mutum guda a cikin kwalba.

Tanimu Barau, in ji takarda. Talatin da huɗu.
Ɗan dako, sito na uku, Sabon Gari.
Buhunan takin zamani ne suka zame tun la'asar,
tsibi guda, suka kwanta masa a cinya,
ba a kai ga ƙafarsa ba sai bayan isha'i.

An ce da aka ɗaga na ƙarshe dariya ya yi,
ya ce a duba masa takalminsa, ɗaya ya ɓata.
Abokan dako suka yi hamdala,
wani har ya sayo masa kunun zaƙi.
Ba su san nauyi iri biyu ne ba:
akwai wanda ke danne ka,
akwai wanda ke tashi a cikinka
sa'ar da aka ɗauke na farko.

Naman da aka matse awa biyar ba ya mantuwa.
Yana tara maganarsa kamar ruwa a bayan madatsa,
jini na dawowa sai ya sake ta gaba ɗaya.
Jijiyoyi su saki kamar bakin buhun da aka kwance,
awon jini ya gangara,
fitsari ya koma shayin da ba madara,
ƙoda ta tsaya tana kallon aikin da ya fi ƙarfinta.

Na juya jinin a inji har ya rabu,
ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama.
Na ɗiga magani, na naɗe hannu.
Naitiret nake nema,
tokar da wata iska ke bari
in ta gama ci a bangon jijiya.
In kaɗan ce, ruwan ya ɗan yi hoda, kamar mai jin kunya.
Na Tanimu ya rine kamar zoɓo.

Na san sunan nan tun ban san asibiti ba.
Yana jikin buhu a zauren babana a Bomo,
muna ɗiba da marfin kwalba,
muna zuba wa masara a gindi ta yi shar.
Yau ga shi a jinin wanda ya ɗauke shi a ka
damina goma sha ɗaya.
Ba daga buhun ya shiga ba, na sani,
jiki ne ya dafa nasa.
Amma sani ba ya hana mutum
tsayawa da biro a hannu.

Na rubuta lambar. Na ja mata layi biyu.
Lamba ba ta ce zai tashi ba,
ba ta ce ba zai tashi ba,
ta dai ce gobarar ba ta mutu ba, a ƙara ruwa.

A bakin taga wani yaro ya tsugunna,
Ilu, ƙaninsa, farin taki har gira.
Ya ce, Malama, jinin ya yi kyau?
Na ce likita zai yi maka bayani.
Ya gyaɗa kai kamar na ba shi wani abu.
A hammatarsa, cikin baƙar leda,
takalmin ne, ya koma sito ya tono shi.

Masallacin asibiti ya yi kiran farko.
Ƙarfe shida za su sake kawo mini Tanimu.
Na wanke kwalabe, na jera,
na bar guda a gaba, bakinta a buɗe.